Mawaƙi Ne Na Ƙarshen Jin Labarin Waƙarsa

Mutane kan ɗauka duk wanda ya yi aikin rediyo da murya ya fara. Ni da buhu na fara. Lokacin da aka ɗauke ni aiki, wajajen ƙarshen shekarun 1980, abin da aka danƙa mini shi ne wasiƙun masu sauraro na shirin zaɓi sonka. In zazzage buhu a kan tebur, in ware na boko daban, na ajami daban, in fitar da sunan mai gaisuwa da waɗanda yake gaisarwa da waƙar da ya zaɓa, in miƙa wa mai gabatarwa. Sauran abin da ke cikin wasiƙa, wato dalilin da ya sa mutum yake son waƙar, "surutu" muke ce masa, kuma ba a karanta surutu a iska. Daga baya na hau gabatarwa, na zauna da mawaƙa da makaɗa da dama, har ƙaiƙayi ya kai ni ni ma na taɓa tsara waƙa. Yanzu da furfura ta cinye gemu, ga abin da na tsinta a tsakanin masu yin waƙa da masu jin ta, mutanen da da wuya su haɗu su yi magana ta gaskiya.

1. Abin da mawaƙi ke gani a dandali ba shi ne aikin waƙarsa ba.

Mawaƙinmu na gargajiya yana da ma'auninsa, kuma a gaban idonsa yake. An yi guɗa, an taso an liƙa masa kuɗi a goshi, ubangida ya yi kyautar riga ko doki, in abin ya yi albarka har mota ko kujerar Makka. Da ya ga haka ya san waƙa ta ci. Ni ma da wannan lissafi na zo gidan rediyo, ina ganin babbar waƙa ita ce wadda aka yi wa babban mutum aka samu babbar kyauta.

Akwai wasiƙar da har yau nake iya ganin takardarta. Fallen littafin makaranta ne mai layi-layi, an rubuta da shuɗin biro, hannun kuma na masu rubuta wa mutane wasiƙa ne a bakin gidan waya, domin da doguwar gaisuwar nan tasu ya fara. Wata mata ce daga wani ƙauye, ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta roƙi a sa mata wata waƙar Shata, waƙar da ya yi wa wani attajiri wanda na tabbata ko a hanya ba ta taɓa ganinsa ba. Maigidanta direban babbar mota ne, kuma duk sanda ya dawo daga tafiya da amshin wannan waƙa yake shigowa tun daga zaure. Ya bar ta da yaro ƙarami wanda bai riƙe kamanninsa ba. Amma in aka sa waƙar, yaron kan saki abin da yake yi ya kalli ƙofa. Ta ce so take kada ya manta.

Na fitar da sunanta da sunan waƙar, na ja layi a kan sauran, yadda aka koya mini. Aka sa mata waƙarta tsakanin gaisuwar wasu teloli da ta wani mai shayi. A lokacin Shata na raye, domin sai a 1999 Allah ya yi masa rasuwa. Mutumin Musawa ke nan, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, wanda kan ƙirƙiri waƙa nan take a gaban jama'a, 'yan amshi su cafe, kalangu ya bi, har an sha cewa shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Wanda bai ƙidaya waƙoƙinsa ba, ina zai ƙidaya ɗakunan da suka shiga? Ya san abin da attajirin ya ba shi. Abin da waƙar ta yi a ɗakin waccan mata kuwa, daga ni sai mai rubuta wasiƙa muka sani, kuma a cikinmu babu wanda ya ga dacewar kai labari. Da shekara ta ƙare masinja ya kwashe buhunan ya kai wa masu ƙosai da masu tsire, suka yi ƙunshi da su.

2. Waƙar da ka raina ita ke yin nisa.

Da na fara gabatar da shiri, zama da mawaƙa ya sa na fara jin ai ni ma zan iya. Na kwana na wuni ina tsara wata doguwar waƙa a kan halin da ƙasa ke ciki, baitoci rututu, kowane da ƙafiyarsa, na cika ta da kalmomin Larabci don a san na yi karatu. Na ɗauko mai garaya na biya shi daga aljihuna, muka ɗauka. Na yi ta cusa ta a shirina, ina jiran masu neman ta su cika buhu. Wasiƙa ɗaya ta zo. Ina buɗewa na gane rubutun ƙanena.

Ana cikin haka aka ce ana son ɗan gajeren waƙe na faɗakar da iyaye mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa, kuma gobe ake so. Babu wanda ya yi marmarin aikin, aka turo mini. Wani mai kalangu da ya zo bin kuɗin wasansa yana zaune a benci yana jiran akawu, na jawo shi ɗakin ɗaukar murya. Na yi ɗan kari da baki, ya bi ni da kiɗa, 'yan mata biyu daga ɗakin buga takardu suka yi amshi. Kafin la'asar mun gama. Ko sunana ban yarda a sa ba, don ina ganin abin bai kai matsayina ba.

Shekaru suka ja, na je suna wani ƙauye da ban taɓa takawa ba. Da dare 'yan mata na gaɗa a dandali, sai na ji karin nan nawa. Sun zubar da gishirin da sukarin, sun zuba nasu baitocin na tsokanar samari. Na tambayi wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa a gefe, "Iya, wannan waƙa daga ina?" Ta ce, "Ɗan nan, ai ta gado ce, mu ma da ita muka taso." Na buɗe baki zan yi gardama, na ga babu hujja a hannuna, sai na sayi gyaɗa na wuce. Yaran da uwa ta tuna amshin ta haɗa musu ruwan cikin dare kuwa, lissafinsu ba ya zuwa wurin mai waƙa.

Manya ma hakan kan same su. Manu Dibango na Kamaru ya yi waƙar gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da ƙasarsa ta karɓi baƙunci a 1972, a bayan faifan kuma ya sa wani kiɗa mai suna Soul Makossa. Ta gaban faifan ta mutu tare da gasar. Ta bayan ce masu sa faifai a New York suka tsinta, ta zagaya duniya, har Michael Jackson ya ɗebi amshinta a 1982, abin da ya kai ga ƙara da sasantawa.

3. Waƙa ba ta sallamar mai ita kafin ta yi tafiya.

Wani tsohon makaɗi ya taɓa ce mini waƙa kamar 'ya ce da ka aurar wani gari mai nisa. Ka san ranar da aka ɗauke ta, amma ba ka san irin zaman da take yi ba, sai dai wani matafiyi ya kawo maka labari, in ya ga dama. Na ɗauka salon magana ne irin nasu, sai da ɗana ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya nuna mini fim ɗin Sixto Rodriguez.

Rodriguez ɗan birnin Detroit ne a Amurka, iyayensa 'yan asalin Meziko. Ya fitar da faifai biyu, a 1970 da 1971, ba su yi kasuwa a ƙasarsa ba, kamfanin ya sallame shi, ya koma leburanci, aikin gini da rushe tsofaffin gidaje. Can a Afirka ta Kudu kuwa, a tsakiyar mulkin wariyar launin fata, faifansa na farko ya shiga gida-gida. Matasan farar fata da zuciyarsu ba ta kwanta da gwamnatin ba suka riƙe waƙoƙinsa, suka haddace. Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan rediyo shi ne yadda gidan rediyon gwamnatin ƙasar ya hana sa wata waƙarsa: an sa abu mai kaifi an karce ta a jikin faifan, don kada wani mai gabatarwa ya yi ganganci. Gwamnati guda tana tsoron muryar mutum, shi yana can yana ɗaukar bulo bai sani ba. Har ji-ta-ji-ta ta bazu a ƙasar cewa ya daɗe da mutuwa. Sai da wasu masoyansa biyu suka shiga cigiya, 'yarsa ta ga cigiyar a intanet a 1997, sannan a 1998 ya sauka Cape Town ya tarar da dubban mutane suna rera baitocin da ya ɗauka an binne su. Fim ɗin ya fito a 2012, ya ci kyautar Oscar a 2013, shi kuma ya rasu a 2023. Gaskiya dai masu fim sun ɗan ƙara gishiri, domin sun tsallake cewa ya je Ostireliya ya yi wasa a 1979 da 1981, ke nan ba gaba ɗaya duniya ta manta da shi ba. Amma labarin Afirka ta Kudu bai iske shi ba sai bayan shekara ashirin da ɗoriya.

Ina gama kallo na fara yi wa Amurkawa tsiya, yadda suka bar mutum irin wannan a wulaƙance. Ɗana ya ce, "Baba, ku naku fa?" Ban ba shi amsa ba. Da dare tasharmu kan kai nesa, wasiƙu na zuwa mana daga Maraɗi da Damagaram da arewacin Kamaru suna neman mawaƙan da a garinsu ko kallo ba su ishi kowa ba. Na san wani mai kukuma da ke yawon kasuwannin ƙauye a kan tsohon keke, alhali a hayin iyaka direbobi na rububin kaset ɗinsa.

Zamanin waya ma bai gyara ba, sai dai ya ƙara wa tafiyar sauri. Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008. Waƙoƙin suka riƙa tsallake daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, sau da yawa babu ko suna a jikinsu, har wani Ba'amurke mai tattara kiɗa ya tsince su a Mali, ya sa ɗaya a wani kundi a 2011, ya kuma sha wahala kafin ya gano mai muryar.

4. Wani amfanin sai ƙasa ta rufe ido yake tsirowa.

Akwai lokacin da zaren ɗaukar murya ya yi mana ƙaranci, aka ce a nemo tsofaffi a goge a ɗora sababbin abubuwa. Ni aka sa zaɓe. Na duba kwalaye, duk wanda na ga sunan da ban sani ba na fitar da shi. A ciki har da na wani mai goge na ƙauye, muka goge shi muka ɗora jawabin wani babba na buɗe wata rijiya. Bayan wasu shekaru wani malamin jami'a ya zo da takardar neman izini, musamman saboda wannan mai gogen, domin ya rasu kuma an ce mu kaɗai muka taɓa ɗaukarsa. Na raka shi ɗakin ajiya muka yi ta dubawa tare, ina sane.

Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne, na Sarkin Gobir na Isa, da kotsonsa da 'yan amshinsa. Sarakuna da fada yake dubawa in zai yi waƙa, ya kuma rasu tun farkon shekarun 1960. Yau ɗalibai a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya suna rubuta kundin digiri a kan azancinsa, mutane kuma na jefa maganganunsa a hira suna ɗauka karin magana ne na kaka da kakanni. Shi sa'ar da ya yi ita ce nasa zaren bai faɗo hannun irina ba.

Enoch Sontonga malamin makarantar mishan ne a kusa da Johannesburg. A 1897 ya tsara wata waƙar addu'a don 'yan makarantarsa, ya rasu a 1905 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Karin wannan waƙa ne ya zama taken ƙasar Tanzaniya da na Zambiya, kuma tun 1994 take cikin taken Afirka ta Kudu. Shi kuwa kabarinsa ma sai da aka yi bincike kafin a gano inda yake.

5. Ba alheri kaɗai ke ɓoye wa mawaƙi ba.

In ana wannan zance an fi son kawo labarai masu daɗi, waƙa ta share hawaye, waƙa ta haɗa aure. Buhu bai san wannan kara ba.

Wani mawaƙi, ba zan faɗi sunansa ba, ya yi wa wani marowaci zambo. Ya kama sunansa, suna ne kuma da ake da shi a kowace unguwa, ya haɗa da ɗingishin da mutumin ke yi. Waƙar ta yi daɗi, ba a musu. Kiɗan na da tsalle, amshin gajere ne, yaro na ji sau ɗaya zai riƙe. A makonnin nan babu waƙar da aka fi nema. Sai ga wasiƙa daga wani hedimasta. Ya ce a makarantarsa akwai yaro mai wannan suna, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa, kuma tun fitowar waƙar yara ke bin sa a baya suna amshi suna kwaikwayon tafiyarsa, har ya daina zuwa. Ya roƙe mu don Allah mu rage sa ta. Na karanta, na ce ai ko mun daina tana kaset, tana bakin kowa, mene ne namu a ciki. Na ci gaba da sa ta, don in na daina masu sauraro za su koma wata tasha. Ka ga dai irin hujjar da mutum kan ba kansa.

Da daɗewa muka haɗu da mawaƙin a wani biki, na ba shi labari. Ya yi shiru, ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Malam, wallahi mutum ɗaya na nufa. Shi ɗin ma mun shirya tuntuni, har riga ya ba ni." Mai zambo da wanda aka yi wa sun ci tuwo tare, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya bar makaranta. Magana zarar bunu ce, waƙa kuma ta fi magana, domin ita a bakin wasu take ci gaba da zaruwa.

Shi ya sa in kakar zaɓe ta zo na ji waƙoƙin siyasa na cin mutunci suna tashi daga lasifikar motoci, matasa na biye da gorori, ba na karɓar uzurin "ni waƙa kawai na yi". Mawaƙin da ke bugun ƙirji cewa muryarsa ta kai ko'ina in ana yabo, bai kamata ya ce bai san ta kai ko'ina ba in an fasa kai.

6. Wani rashin sanin ba ƙaddara ba ne, akwai mai cin ribarsa.

Na daɗe ina kallon wannan al'amari da idon tausayi kawai, Allah sarki mawaƙi, bai san irin son da ake masa ba. Sai daga baya na lura cewa a tsakanin mai waƙa da mai ji kullum akwai wani wanda ya san lissafi sarai, kuma shirunsa na da dalili. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Solomon Linda, ɗan ƙabilar Zulu, ya ɗauki waƙarsa Mbube a Johannesburg a 1939, ya sayar wa kamfani a kan 'yan kuɗi ƙalilan. Waƙar ta haye Amurka, aka canja mata suna da kalmomi, a 1961 ta zama ta ɗaya a kasuwar faifai ta can, a 1994 ta shiga fim ɗin Disney na zaki. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, shekaru da yawa iyalinsa ba su iya sa ko dutsen shaida a kabarinsa ba. Sai da wani ɗan jaridar Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya bi diddigin kuɗin ya wallafa a 2000, aka shiga kotu, sannan a 2006 aka sasanta da magadansa.

Namu salon bai kai wannan girma ba, amma jinsinsu ɗaya. Mai shagon kaset ya san kwafi nawa ya gurza, mai tura waƙa a waya ya san wadda aka fi tambaya, mu a rediyo muna da littafin da ake rubuta duk abin da aka sa, da rana da lokaci. In mawaƙi ya zo ya ɗan yi maganar haƙƙinsa, amsarmu a shirye take: "Ai tallata ka muke yi, Alhaji, kai ya kamata ka biya mu." Na faɗi wannan magana da bakina, ina dariya, shi ma ya yi dariyar yaƙe. Da ya ga littafin nan, da ya san nauyin kansa, da farashinsa ya tashi. Shi ya sa littafin bai taɓa fita daga durowa ba.

7. In ka kai labari, kada ka tafi hannu rabbana.

Akwai waɗanda Allah ya nufa su ji da kunnensu. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasar a 1978, aka yi kaset kaɗan. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasar suna sa kiɗan a tsakanin shirye-shirye, yara suka girma da shi a kunne, da yawansu ba su san akwai wani mutum mai suna a bayansa ba. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi bayan an tsinci kaset ɗin a wani ɗakin ajiya a Yamai, dattijo ya wayi gari ana gayyatarsa wasa Turai. Labarinsa ne ya zaburar da ni na ce bari ni ma in kai saƙo ko guda ɗaya.

Ina da wata wasiƙa da ta tsira don na sa ta a littafi na manta. Wani mutum ne ya rubuto daga Kamaru. Ya bar gida da fushi tun yana saurayi, ya yi shekaru bai waiwaya ba, ran nan ya ji wata waƙar gurmi a shirinmu mai maganar uwa da ɗan da ya yi nisa. Bai kwana biyu ba ya hau mota. Ya iske mahaifiyarsa a kwance, suka gana, suka yafi juna, ba a jima ba ta cika. Na yi cigiyar mai gurmin na same shi a garinsu, ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a tabarma a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa wasiƙar da muryar rediyo, ina jan numfashi inda ya dace, ina satar kallonsa in ga hawaye.

Da na gama ya ce, "To, madalla. Ya aiko da wani abu?"

Na ce, "A'a, Baba, wasiƙar ta daɗe."

Ya ce, "Wace waƙa ma ya ce?"

Na tuna masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce a tasha ya yi ta, ranar ko karyawa bai yi ba, ya lura matafiya sun fi sakin kuɗi in an taɓo musu uwa. Raina ya ɓaci, na ga kamar na ɗauko abu mai tsarki na kawo inda ba a san darajarsa ba. Na yi sallama zan tashi, sai ya ce, "Yaro, bar mini takardar nan." Daga baya jikansa ya gaya mini duk baƙon da ya zo sai ya sa an karanta masa ita.

A hanya na yi ta juya tambayarsa ta farko, har na gane ni ne mai rashin ta ido, ba shi ba. Na kashe kuɗin mota na zo wurin tsohon da ba ya iya fita wasa, na kawo masa yabo zalla, ko goro ban riƙo ba. Yunwar da ta sa shi yin waƙar ba ta rage wa waƙar komai ba, mutumin Kamaru dai ya ga mahaifiyarsa. Kuma labarin ya yi masa daɗi, sai dai yabo ba ya auno hatsi.

Da Barmani Choge ta rasu a 2013, da Ɗanmaraya Jos ya bi ta a 2015, gidajen rediyo sun buɗe layi, mutane suka yi ta bugowa. Mata na faɗin yadda waƙar Barmani ta sa suka kama sana'a, tsofaffin yaran mota na faɗin yadda kuntigin Ɗanmaraya ya sa aka fara kallonsu a matsayin mutane. Mun ji, mun yaba, masu abin ba su ji ba.

Saboda haka, mai karatu, in akwai mawaƙin da waƙarsa ta taɓa tsamo ka daga wani hali kuma yana raye, neme shi. Yanzu lambar waya ba ta wuyar samu. Kada ka tsaya a "muna jin daɗin waƙoƙinka", wannan ya ji ta har ya gaji. Faɗa masa wace waƙa ce, a ina ka ji ta, me ta yi maka. Sannan ka haɗa da ɗan abin da ya sawwaƙa.